Shaidar Malaman Firamare a Kan Cin Yara da Wasansu a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Masu hukunci sun daɗe da sanin cewa ba kowace shaida ce ke da nauyi ɗaya a mizani ba, gama akwai wanda ya ji labari, akwai wanda ya gani sau ɗaya ya wuce, akwai kuma wanda ya daɗe yana gani har ganin ya zama masa ilmi. In kuwa maganar lafiyar ƙananan yara ake yi, to, a nawa ra'ayin babu shaidar da ta kai ta malamin firamare ƙarfi, domin likita ba ya ganin yaro sai ciwo ya kwantar da shi, uwa kuwa kullum tana tare da nata har idonta ya saba da ramarsa ya daina ganinta, amma malami yana da yara sittin ko tamanin, wani lokaci ma fiye, galibinsu tsarar juna, suna jere a gabansa tun da sassafe har kusan azahar, shekara bayan shekara, saboda haka shi kaɗai ne ke da abin da zai gwada wannan da wancan, ya kuma gwada 'yan bana da 'yan shekara goma da suka wuce. Abin takaici shi ne, cikin dukan waɗanda ake tarawa idan za a yi shawara a kan abincin yara, malamin aji ɗaya shi ne ba a cika tambaya ba.

Kafin a saurari abin da malaman ke faɗi, ya kamata mai karatu ya tuna wace irin ƙasa ce ake magana a kanta. Ƙasar Funtua da Malumfashi, da abin da ya kewaye su na Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume da Faskari, ita ce rumbun Jihar Katsina, ruwanta ya fi na arewacin jihar yawa, ƙasarta kuma ta fi ɗaukar taki. Tun zamanin Turawa auduga ta sa aka kafa injunan gurza a nan, hanyar jirgin ƙasa kuma da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtua ta isa Ƙauran Namoda a 1929 don kwasar auduga da gyaɗa. A 1975 aka kafa babban shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, shi ne ya yawaita takin zamani da sabon irin masara, har masara, wadda a dā ake shuka ta a bayan gida don gasawa da damina, ta ture dawa ta zama uwar gona, ta kuma zama uwar tukunya. Daga baya waken suya ya biyo. Yau manyan motoci suna lodin hatsi daga kasuwannin wannan yanki zuwa Kano da Legas da kamfanonin abincin kaji. To, a cikin wannan yalwa ne malamai ke cewa yaran da suke koyarwa ba su ƙoshi ba, wannan kuwa magana ce da ta cancanci a tsaya a yi mata tadabburi.

Abu na farko da kusan bakinsu ya zo ɗaya a kansa shi ne sha'anin karin kumallo. Suna cewa darasin farko da na biyu ana samun yara da ɗan kuzari, amma da rana ta ɗaga sai aji ya mutu, wannan ya kifa kai a kan benci, wancan yana hamma, wata ta zuba wa allo ido alhali hankalinta ba ya wurin, wanda kuma aka tambaye shi abin da ya iya jiya sai ya kasa. In malami ya ja yaron gefe ya bincika a hankali, sau da yawa sai ya tarar rabonsa da abinci tun tuwon daren jiya. Tsofaffin malamai sun fi kowa jin zafin wannan, domin sun san zamanin da ba a fitar da yaro daga gida sai ya ci ɗumame ko ya sha koko da ƙosai, ko da kuwa gidan na talaka ne. Yanzu a gidaje da yawa tuwon dare ba ya kwana balle a ɗumama shi, sai a miƙa wa yaro kuɗin tara, in ma akwai, a ce ya saya a makaranta, kuɗin kuwa ba su isa su sayi abin da zai riƙe cikin ɗan shekara bakwai ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, malamai kuma sun tabbatar cewa karatu ma da shi ake jansa. Sun kuma lura cewa abin yana da lokaci: ya fi tsanani daga tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kama gari, da kaka kuwa fuskokin yara sukan ciko, sai dai a lokacin ne kuma ake ɗebe su daga aji zuwa ɓarar masara da tsinkar auduga.

Amma mas'alar da ta fi zurfi, wadda malaman da suka yi ɗan karatun kiwon lafiya suke ta nanatawa ba a ji, ita ce cika ciki dabam, gina jiki dabam. Yaron da ya ci tuwon masara da miyar kuka da dare, ya sha kunun masara da safe, ya ci garin kwaki da sukari da rana, ba zai ce yana jin yunwa ba, ubansa kuma zai rantse cewa ya sauke nauyin ciyarwa, alhali kuwa jikin yaron bai sami abin da zai yi tsoka da jini da shi ba. Masara abinci ce mai ba da ƙarfi, amma abin gina jikin da ke cikinta naƙasasshe ne, sai an haɗa ta da wake ko gyaɗa ko nono ko ƙwai sa'an nan take cika. In kuma aka surfe ta aka fitar da dusa don tuwo ya yi fari, kamar yadda mata suka fi so yanzu, to, an bai wa awaki mafi amfanin abin da ke cikinta. Abin mamakin shi ne duk waɗannan abubuwan cikon a gonar mutanen nan suke fitowa. Waken suya, wanda babu tsiron da ya fi shi gina jiki cikin abin da muke nomawa, buhu-buhu ake kai shi kasuwa, gidan da ya noma shi bai ajiye ko tiya biyar don yara ba, domin an ɗauke shi amfanin sayarwa kamar auduga. Ƙwai na mai shayi ne, kaza ta baƙo ce ko ta ranar Salla, tsokar da ta shiga miya kuwa kwanon maigida take tafiya. Binciken lafiyar al'umma da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, kuma kusan yara bakwai cikin goma a ƙasar baki ɗaya suna da ƙarancin jini. Waɗannan yaran su ne bayan shekara ɗaya ko biyu ake kawo wa malamin aji ɗaya, a ce ya koya musu baƙi da wasali, in sun kasa kuma a ce malamai ba sa aiki.

A kan wanda ke da laifi ne malamai suka rabu. Wani sashe, galibi maza masu shekaru, suna ɗora alhakin a kan iyaye maza, suna cewa mutumin da ya sayar da buhu hamsin na masara ya ƙara aure ko ya sauya babur, ya bar 'ya'yansa suna zuwa makaranta da cikin jiya, ba talauci ne ya hana shi ba, rashin sanin haƙƙi ne. Wani sashen kuma, musamman malamai mata, waɗanda su ma suke fama da cefane da albashin da ba ya kai tsakiyar wata, suna cewa a yi wa mutane adalci, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kome ya yi tashin gwauron zabi, ƙaramin manomi kuma tun kafin ya girbe ya riga ya ci bashin taki a kan amfanin, ga kuma 'yan bindiga da suka raba mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara da gonakinsu, suka kwashe shanun da ake samun nono daga gare su, har iyalai da yawa suka kwararo cikin Funtua da Malumfashi ba su da kome sai 'ya'ya. Dukansu biyu suna da hujja, amma ni na fi karkata ga cewa hujjar sashe na biyu ba ta wanke kowa da kowa ba. Talauci yana bayyana halin ɗan gudun hijira da ɗan ƙwadago, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa ɗan mai rumbu uku yake da ƙarancin jini alhali ga zogale a bakin danga, ga rama, ga gyaɗa a ɗaka. Wannan al'ada ce da jahilci, su kuwa ana iya gyara su tun kafin farashi ya sauko.

Ɗan birni kuma tasa illar dabam ce. Malaman makarantun kuɗi na cikin Funtua suna ba da labarin yaran da ake ɗauro musu taliyar Indomie da lemon roba da biskit kullum, uwa tana ganin ta yi gata, domin a idonta ɗanwake da kwaɗon zogale abincin ƙauye ne. Sakamakon shi ne ruɓewar haƙori tun kafin famfara, da yaron da ba ya cin kome in babu zaƙi, da 'yan kaɗan da suka fara yin ƙibar da ba ta lafiya ba. A bakin kowace makaranta kuma, ta gwamnati ko ta kuɗi, akwai faranti na alawa da ƙanƙara mai launi wadda ba wanda ya san ruwan da aka yi ta da shi. (Ba zan ɓoye ba, a wasu wuraren mai farantin malama ce a makarantar, tana cike giɓin albashi, shi ya sa wa'azin rage zaƙi ba ya yin ƙarfi a ɗakin malamai.) Abin da na ga ya cancanci yabo a bakin ƙofar nan shi ne awara. Matan wannan yanki sun mai da waken suya abin da yaro ke so kuma yake iya saya, kuma ina jin babu wani abu da ya taimaki jikin 'yan makarantar ƙasar nan a 'yan shekarun nan kamar kaskon mai awara, in dai man suyar bai tsufa ba, an kuma rufe ta daga ƙuda da ƙura.

Game da ciyarwar gwamnati, ra'ayin malamai ya fi na 'yan siyasa daidaito, masu yabo da masu suka. Shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 na ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, malamai sun shaida cewa ya cika azuzuwa, har yaran da ba a taɓa ganinsu ba suka zo da kwanoninsu. Sun kuma shaida cewa wasu da an ci sai su sulale, cewa rabon yakan cinye lokacin darasi, cewa ƙwai ɗaya akan yanka shi a raba, cewa kuma 'yan aji huɗu suna tsaye a taga suna kallon ƙannensu. Da aka dakatar da shirin a farkon 2024, sai kwanonin suka koma gida, wasu ma tare da masu su. Darasin da ni na ɗauka shi ne, abincin da sai an sa hannu a Abuja kafin ya isa Ƙafur ba abin dogaro ba ne, kuma abin kunya ne ƙasar da ke ciyar da wasu jihohi ta zauna jiran a aiko mata da abin da za ta bai wa 'ya'yanta da hantsi.

Sai maganar motsa jiki, inda na fi samun saɓani da wasu daga cikin malaman kansu. Da yawa sukan ce wannan damuwar Turawa ce, waɗanda 'ya'yansu ke zaune a gaban talabijin, mu kuwa yaranmu suna tafiya mil biyu zuwa makaranta, su ɗebo ruwa, su yi ciyawa, su yi noma, 'yan mata su yini suna yawon talla, to, wane motsi kuma ya rage? Haƙiƙa in ƙone ƙarfi ake nufi, ɗan ƙauye ya wuce awa ɗayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kullum yana motsa jiki sosai, har ma matsalarsa ita ce abin da yake fitarwa ya fi abin da yake ci. Amma wahala ba ta zama wasa ba. Yarinyar da ta ɗauki jarkar ruwa mai lita 25 a ka, ko yaron da ya yini a duƙe da fartanya, sun gaji, amma ba su yi gudu da tsalle da juyi da dariya ba, waɗanda su ne ke buɗe ƙirji, su daidaita gaɓoɓi, su koya wa yaro bin doka da haƙurin shan kaye da zama da tsara. Magabatanmu sun san wannan, shi ya sa bayan duk aikin yini suka bar wa yara dandali da farin wata, maza suna langa da kokawa da a-sha-ruwan-tsuntsaye, mata suna gaɗa da carafke. Yanzu dandali ya mutu a garuruwa da yawa, a wani wurin tsoron dare ya kashe shi, a wani wurin wayar hannu da gidan kallon ƙwallo.

Ɗan birni kuwa ba shi da ko wahalar. Keke Napep ya kai shi boko da safe, ya dawo ya ci abinci a tsaye ya tafi Islamiyya, daga nan lesin ko hadda har magariba, ranar Asabar da Lahadi ma ba a bar masa ba, duk kuwa a zaune, sau da yawa a ɗaki mai cunkoso. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne da aka yanyanka, babu inda yaro zai yi taku goma a guje. Na gwamnati kuma da suke da fili tun zamanin En'e, an bi filayen da sababbin azuzuwa, wasu an ci gefensu da shaguna, tun kuma da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, babu hedimastan da hankalinsa ke kwanciya in yara sun yi nisa da idonsa. Darasin wasanni yana nan a jadawali, amma malamai sun yarda cewa shi ne na farko da ake yankawa in ana son ƙarin lokacin lissafi, ko a mai da shi sharar fili, 'yan mata kuwa da sun kai aji huɗu sai a ce su zauna a inuwa su yi kallo. Motsin da ya rage a wasu makarantu shi ne tsallen kwaɗo da kamun kunne, watau an mai da motsa jiki horo, sa'an nan a yi mamakin yadda yaro ya tashi yana ƙinsa.

Masu ganin cewa wasa ɓata lokacin karatu ne, ko kuwa abu ne da bai dace da tarbiyyar Musulunci ba, ina roƙonsu su koma ga littattafan da suke girmamawa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 ta Miladiyya, a cikin Ihya'u Ulumiddin, a babin da ya yi a kan tarbiyyar yara, ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗi cewa hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. A nan ne kuma ya so a saba wa yaro da tafiya da motsi don kada kasala ta rinjaye shi. Malamin Islamiyyar da ya tsare ɗan shekara shida daga azahar zuwa magariba ba tare da hutu ba, ya saɓa wa wannan nasiha, kome kyawun niyyarsa.

Akwai wani abu guda da ke haɗa cin da wasan, wanda malaman ƙauye suka sani sarai. Wasan da ya fi soyuwa ga yara maza da bazara shi ne iyo a dam da kududdufi, a nan kuma ake kwasar tsargiya. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi dogon bincike a ƙasar Malumfashi, suka nuna yadda cutar ta yi katutu a tsakanin yara maza masu shiga ruwan tare, irin na dam ɗin Ruwan Sanyi. Yaron da ke fitsarin jini, ga tsutsar ciki, ga zazzaɓi, ko an ba shi abinci mai kyau wani ne ke cinye rabinsa, saboda haka maganin tsutsa da na tsargiya da ake rabawa a makarantu ba ƙaramin abu ba ne, kuma iyayen da ke hana 'ya'yansu karɓa bisa jita-jita suna cutar da su.

To, mene ne abin yi? Ba na cikin masu jiran babban shiri. A dā makarantun wannan ƙasa suna da gonar makaranta, kuma har yanzu babu ƙauyen da zai rasa kadada ɗaya da zai bayar, a shuka waken suya da gyaɗa, a kewaye da zogale, manya su yi aikin gayya, kada a mai da yaran 'yan ƙwadago. In kuma kowane magidanci mai ɗa a makaranta ya ba da tiya ɗaya ta hatsi da ɗaya ta wake da kaka, sa'ad da abin ba ya yi masa nauyi, a damƙa wa kwamitin iyaye da liman da mai unguwa, a riƙa dama kunun da aka haɗa da waken suya da gyaɗa ana bai wa 'yan ƙananan azuzuwa da hantsi, to, an toshe mafi munin ɓarakar ba tare da an nemi izinin kowa ba. Masu hali kuma da ke neman inda za su yi sadaka mai gudana, ga wuri kusa da gida. Na san za a ce amana ta yi ƙaranci, hatsin zai bi ta bayan gida, amma wanda ya ci tiyar maƙwabcinsa a ƙauye ya fi saurin tonuwa bisa ga ɗan kwangilar da ba wanda ya san fuskarsa.

Kirana na ƙarshe ga hakimai da dagatai da hukumar ilmin firamare ta jiha ne: a auna filin kowace makaranta a rubuta, a hana gini ko shago a kansa, kada kuma a ba sabuwar makaranta izini in ba ta da inda yara za su yi gudu, maza da mata. Ku kuma iyaye maza, idan kun je taron makaranta na gaba, kafin ku tambayi malami na nawa ɗanku ya zo a jarrabawa, ku tambaye shi yadda yake ganin yaron da ƙarfe goma na safe, ku kuma saurari amsar har ƙarshe.